Ƙamus ɗin Oxford ya raba ni da rigimar banza

Wata abokiyar aikina ce ta turo min saƙo da Turanci wai "they kept you in the dark", ni kuma da gaggawa na jefa shi cikin wata manhajar fassara, ta ce min wai sun ajiye ni a cikin duhu. Wallahi raina ya ɓaci, don abin da ya faɗo min a rai duhun kai ne, na ce ato ni za a kira jahila kenan, har na fara rubuta mata amsa mai zafi sai na ce bari dai in duba tukuna.

Shafin Oxford Learner's Dictionaries na shiga, kyauta ne a intanet. Ka rubuta dark, ka zaɓi bayaninta na suna (noun), ka gangara ƙasa, can ƙarshen bayanin suke jera irin waɗannan maganganu da misalansu. Ashe ma'anar ita ce an ɓoye maka wani zance da ya kamata ka sani, wato an yi maka rufa-rufa ko ƙumbiya-ƙumbiya. Ba sai an yi maka ƙarya ba fa, shirun ma kaɗai ya isa, shi ya sa ya bambanta da a ninke mutum baibai. Kuma laifin yana kan masu ɓoyewar ne, ba kan wanda aka ɓoye wa ba, kun ga baiwar Allah tausaya min take ni ina shirin cin mutuncinta!

Abin da ya fi burge ni, bayanin da Turanci mai sauƙi suke yi, ba sai ka nemi wani ƙamus don ka gane wannan ba. Dama asalinsa don masu koyo A. S. Hornby ya tsara shi lokacin yana koyarwa a Japan, Oxford ta fitar da shi a 1948. Akwai wurin dannawa ka ji yadda ƴan Ingila da ƴan Amurka ke furta kalma. A wurin na tsinci "a shot in the dark" ma, shi kuma canka-canka ne, babu ruwansa da ɓoye zance.

Sai dai babu Hausa a ciki, daidaita ma'anar da tamu aikinka ne, kuma in babu data to sai haƙuri. Amsar nan mai zafi dai na goge ta, na kira ta na ce to ƙawata, faɗa min me suka ɓoye.