Balan ɗin iska na tsohuwar kar: sabo, okaziyo ko roba kaɗai?

Ƴan uwa masu tsofaffin kar (manyan motocin fasinja) nan Tahoua, musamman masu Mercedes O303 da Setra, ga maganar balan ɗin iska, wato jakar roba mai cike da iska da ke ɗauke da nauyin mota bisa ƙafafunta, wanda wasu makanikai ke ce ma kusen. In gari ya waye ka iske mota ta kwanta gefe guda, ko kwamfaresa na ta aiki bai hutawa, kar ka yi saurin fidda kuɗi, kaɗa ruwan sabulu ka shafa ma balan da tiyo da bal ɗin da ke daidaita tsawon mota, inda kumfa ta taso nan iska ke fita. Sau da yawa balan lahiya lau yake, bal ɗin ne ya mutu.

In ko robar ce ta tsattsage, to sai zaɓi. Cikakken balan na Firestone, ContiTech ko Goodyear, da faranti na sama da fistan ɗinshi (gindin da robar ke zama a kai), shi ne kwanciyar hankali amma tsada gare shi, kuma jabu ya yi yawa, kwali da tambari ba su isa shaida ba. Na Turkiyya ya fi sauƙin kuɗi kuma akwai masu kyau cikinsu. Na Sin kam kala-kala ne, sai ka san mai shagon da kake hulɗa da shi.

Okaziyo ne ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ƙarfe na okaziyo ba laifi, amma roba tsufa take ko ba a mora ta ba, ta gama shekarunta a Turai cikin sanyi da gishirin da suke zuba ma hanya, sannan ka kawo ta zafin Afrilu na Adar ka ɗora mata fasinja da buhuna ka hau hanyar Abalak zuwa Agadez, wallahi ba ta jimawa, kuma in ta fashe tsakiyar daji rangwamen da ka samu duka ya tafi wajen neman mai kawo maka wata, ga mata da yara zaune cikin rana.

Abin da nike ba mutane shawara, in balan ɗinka irin wanda ake raba roba da fistan ne, a kwance a duba fistan. In bai tsatsa ba, bai lotsa ba, a wanke shi sosai dan yashin da ke maƙalewa tsakani shi ke cin robar kamar sanfefa, sai ka sayi sabuwar roba kaɗai ta kamfani mai suna. Ka tafi da tsohuwar ko lambar da ke jikinta, kar a ce maka "ai kusan ɗaya ne", na gaba da na baya ma galibi ba girma ɗaya ba. Kuma a canza hagu da dama tare.

Duba amotisa (abin da ke rage ma mota tsalle) ma, in ta mutu balan na miƙewa ya wuce iyaka cikin ramuka har ya yage. A riƙa zubar da ruwan tankin iska.

Dan Allah maigida ka ja kunnen yaran garaji, kar kowa ya shiga ƙarƙashin mota iska kaɗai na riƙe da ita, a kafa mata ƙarfe ko katako mai kauri ƙarƙashin shasi tukunna, a sauke iskar sannan a kwance. Bayan an ɗaura a auna tsawon motar a fili mai daidai kafin a yi lodi.