Digirin matsalolin magana da ji a jami'a mai zaman kanta: ko kuɗin ya biya?

Na yi digirina na farko a sashen nazarin matsalolin magana da ji, a wata jami'a mai zaman kanta. Kuɗin makarantar ba na wasa ba ne, shi ya sa nake so mai niyya ya san abin da zai tarar.

Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne ƙaramin asibitin koyarwa da ke cikin sashen. Ɗakunansa na da gilashin da kai kana ganin na ciki, shi ba ya ganinka. A bayansa muke zama da takarda da biro, da izinin masu jinya, muna kallon malamarmu tana aiki da yaro mai in'ina, ko mai tsamin baki, ko dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana. A aji mun karanta yadda likitan Faransa Paul Broca ya bayyana, a 1861, majinyacin da ba ya iya furta komai sai "tan", aka kuma gano lahanin a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Amma gani ya kori ji. Na ga wani bawan Allah riƙe da mabuɗi, ya san amfaninsa sarai, har yana murza hannu kamar mai buɗe ƙofa, sunan kuwa ya ƙi fitowa. Malamar ba ta gaggauta shi ba, ba ta kuma faɗa masa ba. Sautin farko kawai ta ɗora masa a leɓe, ta jira. Wannan jiran ba a koyonsa a littafi, kuma da yake ba mu da yawa a aji, bayan kowane zama takan zauna da mu ta bi abin da muka rubuta ɗaya bayan ɗaya.

Darasin rubuta sautuka da alamomin IPA, wato haruffan ƙasa da ƙasa na rubuta sautukan magana, ya ba ni wuya, amma ya buɗe min kunne. Ɓangaren ji ma ba laifi: mun gwada jin juna a ɗakin da ƙara ba ta shiga, daga hertz 250 zuwa 8000 (ma'aunin kauri ko sirantar sauti ke nan), ko da yake na'urar gwajin ɗaya ce, sai an bi layi.

Inda raina ya ɓaci shi ne, lokacin ɗaukar ɗalibai ba wanda ya fito fili ya ce mana wannan digirin shi kaɗai ba lallai ya ba ka damar duba majinyaci ba. A Amurka, misali, sai ka ƙara digiri na biyu da awa 400 na aikin asibiti, 25 daga ciki na kallo, kafin ka zama ƙwararren mai gyaran magana. Masanin ji kuwa sai da digirin dakta. Wanda ya kashe duk abin hannunsa a shekarun farko zai tsaya a tsakiyar hanya. Haka kuma yawancin gwaje-gwajen da aka koya mana an tsara su ne kan yara masu Turanci zalla, alhali yaro mai harshe biyu yana iya faɗuwa a kansu lafiyarsa ƙalau. Darasi guda aka ba wannan batu, ya yi kaɗan ƙwarai.

Kafin ka biya, tambaye su ko asibitin nasu ne, ko ɗalibin digirin farko na shiga kallo, da kuma inda ɗalibansu na bara suka samu gurbin digiri na biyu.