Takardar da ta ɓata min hadarin farkon damina

Tun ƙarshen bazara na yi odar kayan nan daga wani mai sayar da kayan zane a Instagram: fentin ruwa kala 12, burushi uku, da kundin takarda mai falle 20. A bangon kundin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa auduga ce zalla, nauyinta giram 300 a kowace murabba'in mita. Saboda takardar na yi cinikin, fenti da burushin ƙari ne kawai. Kayan sun iso tasha a Zariya cikin kwana huɗu, ba abin da ya fashe, ba ni da ƙorafi a nan.

Shekara uku ke nan ba abin da nake zanawa da damina sai hadari. Wanda ya san sararin Zariya a watan Mayu da Yuni ya san abin da nake nufi. Da la'asar za ka ga gabas ta fara haɗe rai, iska ta ɗauke cak, zafi ya ƙaru, kaji su fara neman akurki. Can sai wani jan bango na ƙura ya taso a ƙasa, samansa kuma baƙi ƙirin mai ratsin shuɗi, yamma kuwa rana na nan tana haska dutsen Kufena kamar an shafa masa mai. Wannan haɗuwar ta haske da duhu ba ta wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin, daga nan iska ta iso, kowa ya kwashi shanya. Wani mai zane ɗan Ingila, John Constable, ya yi ta zana gajimare a Hampstead ta Landan a 1821 da 1822, yana rubuta rana da lokaci da inda iska ta fito a bayan takardar. Daga wajensa na ɗauki al'adar, duk zanen hadarina yana da wannan rubutu a baya.

To, ranar da abin ya faru, cikin makon biyu na Yuni ne, bayan sallar la'asar. Na hau saman bene da allona, na riga na manne takardar da salatif ta gefe huɗu. Hadarin ranar ban ga irinsa ba a bana. Gindinsa a miƙe sambal kamar an ja shi da rula, ƙarƙashinsa wani haske ruwan ɗorawa, can nesa kuma ruwa ya riga ya sauko kamar zaren saƙa. Na jiƙa rabin takardar na sama da babban burushi, na zuba shuɗi da ruwan ƙasa a kai don su bi ruwan su gauraya da kansu, don haka ake samun laushin gajimare. Ko minti ɗaya ba a yi ba takardar ta kumbura ta yi tudu da kwari. Fenti ya gangara ya taru a kwarin, tudun kuma ya bushe ƙayau. Na ƙara ruwa don in ceto shi, sai ga wasu tabo masu baki-baki kamar fitsarin yaro a katifa sun bazu a tsakiyar hadarin. Na ɗauki tsumma in ɗan ɗauke fenti inda haske zai fito, fuskar takardar ta murje ta biyo tsumman. Na yage, na manna ta biyu, hannuna na rawa. Ita ma haka. Kafin in manna ta uku ƙura ta iso, ta watsa min yashi a cikin fentin, na sauko da gudu ruwa na dukan bayana.

Wallahi na daɗe ban ji takaici irin na ranar ba. Hadari ba ya dawowa da fuskar da ya zo da ita jiya. Hoton waya kuma ba ya kama shi, ko dai ya ƙone hasken ko ya mai da duhun baƙi ɗaya, duk shuɗin da koren da ke cikinsa su ɓace.

Washegari na yagi gefen falle ɗaya na duba. Takardar auduga ta gaskiya in ka yage ta za ka ga gashi-gashi masu tsawo a bakin, kuma tana riƙe danshi na ɗan lokaci har ka gama sarrafa fentinka. Wannan kuwa ta yage ƙwal kamar kwali. Na nuna wa wani ƙanena da ke karatun zane a jami'a, yana taɓawa ya ce, "Yaya, wannan ai ta itace ce, kauri kawai gare ta."

Fentin dai, in faɗi gaskiya, ya ba ni mamaki. Ban sa rai da shi ba ko kaɗan, amma da na gwada shi a kan ragowar tsohuwar takardata sai ga shi yana narkewa lumui ba gari-gari. Shuɗin nan mai kama da bular wanki in ka haɗa shi da ruwan ƙasa mai ja-ja yana ba da wata toka mai rai, ka ƙara shuɗi ta yi sanyi kamar cikin hadari, ka ƙara ja ta yi ɗumi kamar ƙurar da ke gabansa. Baƙin da ke cikin kwalin ban ma buɗe shi ba, baƙi yana kashe sama. In ya bushe yana da ɗan sheƙin ƙaro, don ƙaro ne ke riƙe fentin ruwa, irin wanda ake tsinkowa a jikin dakwara a Yobe da Borno da Sudan, shi ne kuma malamanmu ke sa wa tawada. Da na ga haka har zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ko don fentin kuɗina bai tafi a banza ba, wataƙila shi ma mai kayan yaudararsa aka yi.

Da wannan kyakkyawan zaton na tura masa hotunan zanen biyu da bakin takardar da na yaga. Na yi sallama, na yi bayani a tsanake, ban nemi ya mayar min da kuɗi ba, cewa na yi ya duba kayansa. Sai bayan kwana biyu ya amsa: "Malam, ruwa ne ka cika mata, kowa yana saye ba wanda ya taɓa magana." Ruwa na cika mata? To me ake yi da takardar fentin ruwa in ba a jiƙa ta ba? Na sake rubuta masa, ya karanta ya yi shiru. A daren nan kuma na ga ya sake ɗora tallar kundin, da rubutun auduga zalla yana nan yadda yake. Wannan ya fi ɓacin takardar ƙona min rai, don yanzu ya sani.

Burushin ma da na ce ba zan yi maganarsu ba, babban ya fara zubar da gashi tun wanki na uku, sai ka tsaya kana tsince su a kan sama da bakin allura.

Ragowar falle 17 na ba yarana suna zanen fensir a kai, a nan kam tana da kyau. Fentin zan ci gaba da amfani da shi har ya ƙare, amma ba zan koma wajen mutumin ba. Na aika an sayo min falle biyar na auduga ta gaske daga Legas, na yanka su gida huɗu-huɗu, na manne biyu a allo na ajiye a bakin matakala, don watan Agusta na tafe.