Manhajar auna dirakma: na biya kuɗin wata, ta ba ni kunya a gaban aji

Tauraro biyu na ba ta, su ɗin ma albarkacin makon farko ne.

Ina koyar da tarihi a sakandare. Duk shekara in mun zo kan tsohuwar Girka, na ce wa yara ƙwararren ma'aikaci a birnin Atina yakan samu dirakma ɗaya a yini, wato kuɗinsu na azurfa wanda kuma ma'aunin nauyi ne, sai su zuba min ido, don ba su san ko abin ya kai nauyin goro ba. Shi ya sa da na ga wannan manhaja mai juya giram zuwa ma'aunan mutanen dā ban yi wata-wata ba na sauke ta, har na biya kuɗin wata don a cire min tallan da ke cinye data.

Da farko ta burge ni, ba zan ci haƙƙinta ba. Na sa kilo 26, ta ce talanti ɗaya. Na sa giram 430, ta ce mina ɗaya. Obol ma, ƙaramin ma'auninsu, ta ba shi giram 0.72 yadda na sani, har da ɗan bayani cewa asalinsa tsinken ƙarfe ne irin na gasa nama, guda shida ke cika hannu, daga wannan cikin hannun aka samo sunan dirakma. Daɗi ya ɗebe ni na tura wa abokan aiki.

Ranar Laraba na shiga aji da wani sule da ƙanena ya kawo min tsaraba. Na kwaikwayo ne, amma an buga shi kan nauyin na asali: fuska ɗaya kan Atina, allahiyar birnin, da hular yaƙi, ɗayar kuma mujiya mai manyan idanu da ganyen zaitun a bayanta. Kafin nan sai da na kai shi wajen wani Alhaji mai sayar da zinare a kasuwa, ya ɗora a sikelinsa, giram 17.2 cif. Sulen ya zagaya hannu-hannu, na gaya musu sunansa tetradirakma, wato dirakma huɗu, kuma da azurfar ma'adinan Lauriyon da ke kusa da Atina ake buga na asalinsa. Sannan na ɗaga waya cike da ƙwarin gwiwa na rubuta 17.2. Manhaja ta ce dirakma 4.42.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malam, ba ka ce huɗu ba ne? To wannan ƙarin daga ina ya fito?" Ajin ya yi tsit. Na sake rubutawa, amsar ba ta canza ba. Wallahi gumi ne ya karyo min, don ni na kawo abin, ni na yabe shi, ga yara arba'in da wani abu suna jiran in zaɓi tsakanin bakina da wayata.

Da daddare na zauna da biro da takarda. Ashe giram 3.89 suka sa wa dirakma, wanda shi ne ma'aunin masu haɗa magani na Ingila a da, sunan ne kawai ya yi kama. Dirakmar Atina kuwa wajen giram 4.3 ce. Abin takaicin, ko da kanta manhajar ba ta yarda ba: mina dirakma 100 ce, talanti mina 60, wato dirakma 6,000, amma kilo 26 ɗin da ta kira talanti ɗaya in ka juya shi dirakma sai ta ba ka sama da 6,600. Obol ɗinta shida ma sun haura dirakmarta ɗaya. Wanda ya haɗa ta bai taɓa gwada ninkawa ba ke nan?

Da na fara tono sai wasu abubuwan da na kau da kai a kansu suka dawo min. Babu wurin zaɓar gari, alhali Girkawa ba ma'auni ɗaya suka yi amfani da shi ba. Dirakmar tsibirin Ejina, masu buga kunkuru a kuɗinsu, ta haura giram 6. Ta birnin Korinti ba ta cika giram 3 ba. Ta Atina ta fi yaɗuwa ne, musamman bayan Iskandari Mai Girma ya buga kuɗinsa a kanta. Duk wannan ko layi ɗaya babu.

Wani malamin Islamiyya da na tura wa ya kira ni yana murna wai zai riƙa lissafin dirhami da ita. Na ce Allah gafarta Malam, a rufa min asiri a goge ta. Kalmar dirhami daga dirakma ta samo asali, wannan haka yake, amma dirhamin zakka wajen giram 2.975 ne, guda 200 su ba da nisabin azurfa giram 595. Da ya bi lissafin manhajar nan da ya ɗora wa mutane nisabin da ba shi ba, kuma ta hannuna abin ya biyo.

Na rubuta musu saƙo sau biyu, da lissafin a fayyace. Amsa ɗaya suka turo duka biyun, wai sun gode da ra'ayina. Ba su gyara ba, kuma watan da ya kama suka sake cirar kuɗi ba tare da sun tambaye ni ba. Ina rubuta wannan ma na ji tauraro biyun sun yi yawa, na mayar da shi ɗaya.

Ranar Juma'a na koma ajin, na raba 17.2 da 4.3 a kan allo, huɗu ta fito, na ce wa yarinyar ita ce da gaskiya. Kuɗin wata na biyun kuma har yanzu ina bin su.