Sharhi a kan "Luther: The Fallen Sun": mai cinikin asirin mutane da ɗan sandan da nasa ya riga ya tonu

Sau biyu na kalli wannan fim, na farko a cikin makon da Netflix ta sake shi a watan Maris na 2023, na biyu kuma a kwanakin baya, bayan zumuɗin farko ya kwanta, kuma hukuncin da na yanke a zama na biyu ya ɗan bambanta da na farko. Tun da wuri ina jan hankalin wanda bai kalla ba cewa zan taɓa wasu abubuwa da suka faru har zuwa ƙarshen labarin, domin babu yadda za a yi a auna irin wannan fim ba tare da an duba inda ya dire ba.

Wanda bai san John Luther ba, babban jami'in binciken kisan kai ne na 'yan sandan Landan, wanda marubuci Neil Cross ya ƙirƙira a wani shiri mai dogon zango da BBC ta fara nunawa a 2010, aka yi zango biyar da suka ƙunshi kashi 20, aka rufe a farkon 2019. Idris Elba, haifaffen Landan wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne mahaifiyarsa kuma 'yar Ghana, shi ne ya fito a wannan matsayi tun daga farko, har ya karɓi lambar Golden Globe saboda shi a 2012. Fim ɗin da nake magana a kai ci gaban wannan shiri ne, Cross ɗin ne dai ya rubuta, Jamie Payne ya ba da umarni, tsawonsa kuma minti 129.

Labarin ya buɗe da wani matashi mai suna Callum Aldrich, mai aikin share ofisoshi da dare, wanda wayarsa ta yi ƙara, wata murya ta ba shi 'yan mintuna ya isa wani wuri, in ba haka ba a aika wa mahaifiyarsa da duk wanda ke cikin wayarsa wani abu da ba ya so a gani. Ba a gaya mana mene ne abin ba, kuma wannan hikima ce, domin fuskar yaron ta wadatar. Yana cikin gudu a mota, ana ruwan sama, sai ya tarar da abin da ya yi kama da haɗari: mota a tsaye, mutum kwance a kan kwalta. Ya tsaya ya kira 'yan sanda kamar yadda kowane mai tausayi zai yi, kuma yana leƙa motar, mutumin da ke kwance ya miƙe a bayansa. Waɗannan mintuna na farko su ne Luther ɗin da na sani, wato tsoron da ke fitowa daga wuri na yau da kullum, titi da fitila da waya a aljihu. Luther ya zo wurin, ya yi wa mahaifiyar yaron, Corinne, alkawarin zai nemo mata ɗanta, alkawarin da ya zama igiyar da ta ɗaure sauran labarin.

Mugun fim ɗin, David Robey, wanda Andy Serkis ya fito a matsayinsa, attajiri ne da ya tara dukiya a harkar hada-hadar kuɗi, amma ainihin jarinsa asirin mutane ne. Yana da ma'aikata da ke zaune a gaban kwamfutoci suna leƙen rayuwar jama'a ta kyamarar kwamfuta da wayar hannu da na'urorin da ake magana da su a cikin gida, suna tattara duk wani abin kunya da mutum ya aikata yana zaton babu mai ganinsa. Da zarar ya samu, sai ya riƙe mutum kamar raƙumi da akala. A nan ne fim ɗin ya kama ni sosai, domin ya gane wani abu game da ɗan Adam wanda yawancin finafinan 'yan sanda ke tsallakewa: akwai mutanen da tonon asiri ya fi musu mutuwa ciwo. Robey ba ya bukatar ya ɗora wa kowa bindiga. Ya isa ya tuna wa mutum cewa matarsa ko uwarsa ko abokan aikinsa za su ga wani hoto gobe da safe, sai mutumin ya kai kansa mahallaka da ƙafarsa, ko ya buɗe wa makashi ƙofa, ko ya ci amanar ofishinsa. Hatta a cikin tawagar masu binciken akwai wanda Robey ya riƙe wa wuya ta wannan hanya, kuma abin da ya fi ba ni tausayi a game da shi shi ne ba a nuna shi a matsayin azzalumi ba, matsoraci ne kawai da ke addu'ar Allah ya rufa masa asiri alhali yana ƙara nutsewa.

Fitowar da ta fi kowace tsaya mini a rai ita ce ta dandalin Piccadilly Circus da ke tsakiyar Landan. Dare ne, allunan talla na lantarki suna walƙiya, jama'a sun cika wurin, Luther ya cafke Robey a tsakiyar taron, 'yan sanda masu bindiga kuma sun kewaye su biyun. Sai kyamara ta ɗaga sama, aka ga mutane tsaye ɗaya-ɗaya a gefen rufin dogayen gine-ginen da ke zagaye da dandalin, kowa na jiran a ba shi alama. Da lokacin ya cika suka fara faɗowa, wani a kan mota, wani a kan titi, motoci suka yi ta karo, taron ya watse da ihu, Robey kuma ya sulale zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A kallon farko na ɗauka an yi wannan ne domin a girgiza mai kallo kawai. A kallo na biyu na lura cewa babu ko ɗaya daga cikinsu da aka tura. Abin da ya tura su yana cikin wayar wani, kuma wannan ne ya sa fitowar ta fi ƙarfin jinin da aka zubar a cikinta.

Dabarar da ta haɗa jami'in da mai laifin ita ce Robey ya fara da tona asirin Luther ɗin kansa. Da ya ga wanda aka ba binciken ɓacewar Callum, sai ya sa aka tono duk wata doka da Luther ya taka a shekarun aikinsa, kuma ba kaɗan ba ne, aka watsa, aka gurfanar da shi, aka kai shi gidan yari. Robey ya ɗauka ya gama da shi, har yana aika masa da sautin kukan yaron ta wata tashar rediyo domin ya ƙara masa ƙuna. Abin da bai hango ba shi ne ya saki makamin da ya fi ƙarfi a hannunsa, domin wanda aka riga aka yi wa tonon silili a gaban duniya ba shi da sauran abin da za a yi masa barazana da shi. Da a ce fim ɗin ya tsaya a kan wannan tunani ya nisa cikinsa, da ya zama ɗaya daga cikin mafi kyawun abin da aka yi da wannan jarumi.

Amma bai tsaya ba, kuma a nan ƙorafina ya fara. Zangon ƙarshe na shirin talabijin ya rufe ne da maigidan Luther, Martin Schenk, yana sa masa ankwa, yana rufa masa kwat a kan hannu domin kada a gani, kuma wanda ya bi shirin yana da haƙƙin a ba shi bayanin abin da ya biyo bayan wannan. Fim ɗin ya share wannan gaba ɗaya, ya ƙirƙiro sabon dalilin ɗaurin, sannan ya gudanar da shari'ar cikin 'yan daƙiƙu ta muryoyin masu karanta labarai. Tserewa daga gidan yarin ma haka: kiran waya ɗaya, hatsaniya da wuta, Luther yana ratsa fursunoni da naushi yana kare kansa da katifa, sai ga shi a waje. Na yarda fim ba kotu ba ne, amma hankali yana da iyakar abin da zai haɗiye. Ba a kuma ga Alice Morgan ba, matar da Ruth Wilson ta fito a matsayinta a shirin, wadda alaƙarta da Luther ita ce gishirin labarin tun zangon farko, kuma babu wanda ya cike gurbinta.

Cynthia Erivo, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta fito a matsayin Odette Raine, jami'ar da ke jagorantar binciken kuma aka ɗora wa alhakin kamo Luther. Tana da kwarjini, muryarta a natse take, amma rubutun bai yi mata adalci ba. Rabin farko ta ƙare shi tana ba da umarni a ɗakin da ke cike da allunan kwamfuta, rabi na biyu kuma aka sace 'yarta domin a tilasta mata bin Luther, dabarar da duk wanda ya saba kallon irin waɗannan finafinai zai hango tun daga lokacin da aka fara nuna yarinyar. Wanda ya fi burge ni shi ne Dermot Crowley a matsayin Schenk, dattijon da aka dawo da shi daga ritaya domin ya san yadda kan Luther ke aiki. Hirarrakinsu ta waya, ɗaya yana farauta ɗaya yana gudu, kowa ya san ana bin sawun kiran, amma suna magana da girmamawar tsofaffin abokan aiki, su ne wuraren da fim ɗin ya fi numfashi.

Shi kuwa Elba bai rage komai ba. Yana tafiya da kafaɗu a sunkuye, hannuwa cikin aljihu, kamar wanda ya ɗauko kaya tun shekaran jiya bai sauke ba, kuma lokacin da ya buɗe wurin ajiyarsa ya ɗauko doguwar kwat ɗin nan mai ruwan toka da tsohuwar motarsa ƙirar Volvo, na kama kaina ina murmushi ni kaɗai a ɗaki. Serkis ne na kasa yanke wa hukunci ɗaya. An yi masa wani irin gashi da sutura masu ɗaukar ido waɗanda suka sa wani lokacin ya fi kama da abin dariya, yana zare ido yana washe haƙora fiye da kima. Amma akwai inda ya sauke murya, lokacin da aka gano cewa ya daɗe yana shiga jikin iyalan waɗanda ya kashe da sunan mai jaje, har shi ne ke tuƙa Corinne a mota yana rarrashinta. A waɗannan 'yan mintuna ya fi ban tsoro fiye da duk inda ya riƙe wuƙa.

Kashi na ƙarshe ya bar Landan ya koma wani katafaren gida a cikin dusar ƙanƙara a ƙasar Norwe, kodayake a Aislan aka ɗauki hotunan. A can Robey ya shirya wani ɗaki inda za a azabtar da mutane ana watsawa kai tsaye ta intanet, masu kallo daga ƙasashe daban-daban suna zaɓen yadda za a kashe su. Hotunan suna da kyau ƙwarai, farin fili iya ganinka da kwat mai ruwan toka guda a tsakiya, sai dai Luther ɗan lungu ne, ƙarfinsa yana cikin unguwannin Landan masu danshi da tsofaffin benaye, kuma da aka fitar da shi daga can sai ya zama kamar kowane jarumin fim ɗin faɗa. Abu ɗaya ya ceci wannan kashi a wurina. Ana tsakiyar watsa shirin, Luther ya ƙi bin umarnin da aka ba shi, ya juya ga kyamara ya gaya wa masu kallo cewa 'yan sanda na bin sawunsu, sai adadinsu ya fara zubewa, kowa na gudun kada a gane shi. Daga nan ya juya kan Robey ya fallasa ɗan ƙaramin rauninsa, ɗabi'ar cizon haƙora da ke kama shi idan ya firgita. Mutumin da ya gina daula a kan kunyar wasu sai ga shi ya rikice a gaban 'yan kallonsa saboda abu kaɗan haka. Bayan wannan sai aka koma dambe a cikin mota da nutsewa a tafkin ƙanƙara, wanda ban ga abin da ya ƙara ba.

Ta fuskar kallo, fim ɗin yana da duhu sosai. Da na gwada shi a waya da rana ban ga rabin abin da ke faruwa a ramin jirgin ƙasa ba, sai da na koma babban allo da dare. Turancin wasu 'yan wasan na Landan ne mai haɗiye haruffa, don haka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo yana taimakawa. Kiɗan Lorne Balfe yana da nauyi, wani lokacin har ya danne magana. Ba fim ne da za a kalla da yara ba ko kaɗan, akwai gawarwaki a rataye, akwai ƙuna, akwai mutanen da ke hallaka kansu, kuma wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar irin wannan gara ya haƙura. Wanda bai taɓa ganin shirin talabijin ɗin ba zai fahimci labarin, amma ina ba shi shawara ya fara da zangon 2010, inda kuɗin aikin ya fi ƙanƙanta tsoron kuma ya fi yawa.

Akwai wata 'yar tsokana a tsakiyar fim ɗin, inda mai sayar da abin sha ya yi wa Luther tayin martini, giyar da aka san jarumin leƙen asirin finafinai James Bond da sha, ya ƙi karɓa, abin da kowa ya fahimta a matsayin martani ga jita-jitar shekaru cewa Elba zai zama James Bond. Na yi dariya a lokacin. Sai dai a fitowar ƙarshe Luther ya farka a wani gida da ba a bayyana ba, raunukansa a ɗaure, wani jami'in gwamnati cikin kwat ya miƙo masa tufafinsa an wanke jinin, ya shaida masa cewa shugaba na son magana da shi, ga jerin baƙaƙen motoci suna jira a waje. Schenk na tsaye a gefe yana kallo, Luther kuma ya saka kwat ɗinsa ya nufi motar da aka buɗe masa.