Abin da Na Gani a Ingila Game da Numfashin Mai Cutar Lufus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema a kan jinyar maiɗakina a nan Mancesta, tun da likitoci sun ce ita ma ƙanwarmu lufus ke damunta.

Lufus na cikin cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa naman da ke ɗaure sassan jiki, kuma kusan tara cikin goma na masu fama da ita mata ne. Kowa ya san ta da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje a fuska da lalata ƙoda, amma ba kowa ya san tana iya raunana tsokar da ke jawo numfashi ba, wato faffaɗan tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Idan tantanin nan ya yi rauni sai ya ɗago sama, huhu ya rasa wurin buɗewa, alhali shi huhun lafiyarsa ƙalau. Ka tuna yadda maiɗakina take haki in ta yi ruku'u ko sujada, da yadda ba ta iya barci sai an jera mata filo uku? Lokacin muna gida an ba ta maganin asma, an kuma gwada majinarta ko tarin fuka ne, ba a ga komai ba.

Da muka zo nan, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sauƙin gwajin da ya gano matsalar. An ba ta wani bututu ta hura iska iya ƙarfinta tana zaune, sannan aka kwantar da ita rigingine ta sake hurawa. Ma'aikaciyar ta bayyana mana cewa a jikin mai lafiya iskar ba ta raguwa da fiye da kashi 10 cikin 100 in ya kwanta, amma in ta ragu da kashi 25 ko fiye, to, ana zargin tantanin ya yi rauni. Nata ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga nan aka auna ƙarfin zuƙarta da wani bututu da aka toshe bakinsa, aka kuma sa mata ɗan toshi a kafar hanci ɗaya aka ce ta shaƙi iska da ƙarfi lokaci guda. A ƙarshe aka yi mata sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, muka ga da idonmu yadda tantanin ke motsi da ƙyar.

Kada a ɗauka komai kyauta ne. Tun 2024 kowane babba da ya zo da bizar aiki irin tawa yana biyan fam 1,035 a shekara na harajin lafiya, kuma a kemis kowane magani ɗaya da likita ya rubuta fam 9.90 ne, sai dai mutum ya sayi takardar shekara ta fam 114.50, wadda ita muka saya. Ganin ƙwararren likita kuma yana buƙatar haƙurin watanni, abin da a Kano mai kuɗi a hannu zai samu cikin mako guda. Amma da zarar an shiga hannunsu, likitan gaɓoɓi da na huhu suna karanta fayil ɗaya, kuma su ne ke aiko da wasiƙa su kira ta awon jini.

Magungunan farko ba baƙi ba ne a wurinmu: firednisolon da haidroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sha na zazzaɓi muna yara. Bambancin yana wajen bibiya, domin ana rage firednisolon a hankali don kada ya ci ƙashi, ana kuma duba idon wanda ya daɗe yana shan haidroksikulorokwin. An ba ta kuma wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, tana zuƙar iska ta cikinta safe da yamma don tsokar ta yi ƙarfi. Waɗanda rauninsu ya tsananta ana ba su aron injin da ke tura musu iska da dare, kuma wannan kam zai yi wuya a gida in babu sola ko batir, saboda yawan ɗauke wuta.

Roƙona shi ne, idan ƙanwarmu ta fara haki in ta kwanta, ko tana tashi da ciwon kai da safe, a kai ta asibitin koyarwa a nemi sashen huhu, a kuma roƙi likita ya auna numfashinta a zaune da kuma a kwance. A ajiye takardar sakamakon da kyau, domin da ita za a gwada awon da za a sake yi bayan wasu watanni. Ka gaishe mini da Inna.