Kwafin da ya kunyata ni a Budapest

Watana biyu da zuwa Hangari, takarda ɗaya tak ta zubar min da mutunci. Wasiƙar da aka aiko min da Turanci take, wai in kawo "copy" na shaidar digirina. Na shiga shagon fotokofi, aka buga min, na nufi ofis ina taƙama. Matar da ke bayan gilashi ta ɗaga takardar da yatsu biyu kamar ta tsinci tsumma, ta ce: "Ez csak fénymásolat." Wato wannan ai fotokofi ne kawai. Duk mutanen layi suka zuba min ido, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe abin da Bature ya dunƙule a kalma ɗaya, su sun rarraba shi. Másolat shi ne kwafi kowane iri. Fénymásolat kuwa na inji ne, domin fény haske ke nan, kwafin haske. Abin da matar ke nema hiteles másolat ne, wanda közjegyző, jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, ya ɗora shi gefen ta asali, eredeti, ya duba, ya buga hatimi ya sa hannu. Idan kuma aka ce két példányban, guda biyu ake so. Takarda ta ɓace aka sake ba ka wata, sunanta másodlat.

Haushi ya cika ni ranar, har da na forint, kuɗin ƙasar, da na biya. Amma da na huce sai na tuna yadda muke yi a gida: fotokofi na fotokofi na fotokofi, har sunan mutum ya dusashe, a kuma karɓa saboda mai ofis ya san kawunka. Su a nan ba ruwansu da kawun kowa.

Ko makulli ba su ƙyale ba. Na je wurin kulcsmásolás a yanka min na ƙofar gidanmu, mai shagon ya ce irin wannan sai da katin mai gida.

Abu ɗaya ne ya sanyaya min rai. Takardar kabon da ake sawa tsakanin rasit biyu, indigó suke ce mata, wato shuni. Ina jin haka sai ga marinar Ƙofar Mata a idona, da hannayen marina shuɗi har gwiwar hannu.